Waya a Bayan Kwaɗo Biyu

Alhamis, 29 ga Mayu, da hantsi

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Yau mata uku ne kawai, ɗayarsu ma aron turmi ya kawo ta, ta haɗa da gaisuwar. Tata ta fi kwanta mini.

Autata Kausar ce ta sayo mini wannan littafin a Karaye. Wai in riƙa rubutu ko na rage yi wa mutane tsawa. Ta manta rabin rayuwata a gaban allo na yi shi, ina rubutu ina tsawa a lokaci guda.

Wayar ta yi ƙara da safe. Ba tawa ba, ta Malam. Tana cikin ɗakinsa, a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Ɗakin a rufe yake da kwaɗo biyu. Yayansa Sulle ya sa ɗaya, ya tafi Makka da makullin. Ƙaninsa Abdulmutalib ya ga haka, ya je kasuwa ya sayo wanda ya fi shi girma. 'Ya'yana duk mata ne, don haka 'yan'uwan Malam suna da rabo, kuma kowannensu ya san halin ɗan'uwansa. Ko allura ba mai taɓawa sai an zauna. Goggo, ƙanwar mahaifinsu, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar, da carbinta da gwangwanin goro. Ita ce kwaɗo na uku.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta maganar irin nan daga farko, don duk wanda na faɗa wa da baki sai ya ce in yi haƙuri kafin in kai tsakiya.

Mu goma ne a ƙungiyarmu, matan Kurugu masu gonar gyaɗa, ni ce shugaba. Bayan kaka wani kamfani ya zo ya ce zai ba mu iri mai saurin nuna, mu biya da gyaɗa idan mun cire. Ni na bi gida-gida na tara matan. Na ce musu ba sai sun ajiye iri ba bana. Suka matse gyaɗarsu suka yi mai da ƙuli-ƙuli, suka sayar, aka ci aka sha.

Ranar rajista maza suka taru a ƙofar gidan mai unguwa suka ce ba za a ba matansu komai ba da saninsu ba. Mutanen kamfani suka ce wannan daidai ne, su masu girmama al'ada ne. Suka karɓi lambar wayar kowane maigida suka sa a kwamfuta. Kafin a fitar da iri daga sito, saƙo zai je wa maigida, ya danna ɗaya, shi ne ya amince. Kuma iri ba ya fita sai na mutum goma gaba ɗaya, tunda lamunin juna muka tsaya.

A ranar Malam ya yi ta dariya har gida. Ya ce, "Malama Sauda, duk karatun nan naki, ashe dai sai na danna." Na ce masa idan ya ga dama ya danna da hancinsa.

Maza tara sun danna.

Asabar, 31 ga Mayu, da safe

Ta yi ƙara. Na ji ƙarar wayar ta bango. Ƙarfe takwas take zuwa, kamar ɗalibi mai tsoron bulala.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan azahar

Na kira Abdulmutalib ya shigo. Ya tsaya a tsakar gida yana wasa da makullin babur.

Na ce, "Waya kawai za a ɗauko, a danna ɗaya a gabanka, a mayar."

Ya ce, "Yaya, ni da ke ba mu da matsala. Amma kin san Sulle. Idan ya dawo ya tarar an buɗe, cewa zai yi na kwashe kuɗin da ke cikin wayar."

"Wane kuɗi? Wayar da maɓallinta na biyar ya goge tun zamanin da kake makaranta?"

"Ni dai ban gani ba, shi ma bai gani ba. Ai shi ya sa."

Na ce to ya buɗe nasa kwaɗon, ya nuna niyya. Ya ce amfanin me, tunda na Sulle yana nan. Na ce to me ya sa ya sa nasa tun farko? Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya fita.

Goggo ta tofar da goro ta ce, "Mai takaba ba ta ɗaga murya."

Na karanta abin da malamai suka rubuta a kan takaba, na karanta na gado. Ban ga inda aka hana ɗaga murya ba, ban ga inda aka ce waya sai ta jira alhaji ba. Amma na ga alamar karatu ba shi da wurin zama a kan tabarmar Goggo.

Talata, 3 ga Yuni, da hantsi

Bahauddeen ya zo. Shi ne ma'aikacin kamfani mai kula da yankinmu, ɗan Rogo Ruma. Na koyar da shi lissafi lokacin da yake zaune a nan wurin kawunsa. Yanzu ya yi gemu da tumbi, amma har yau idan na kira sunansa sai ya miƙe tsaye. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule, Kausar tana kai da kawowa da ƙaramar kwamfutarsa.

Na ce ya canza lambar Malam ya sa tawa.

Ya ce, "Ana iya canzawa, Malama. Sai dai saƙon tabbatarwa tsohuwar lambar yake zuwa."

Na ce a cire ni, a ba tara ɗin.

"Idan kuka koma tara, ƙungiya ta rushe. Sai sabuwar rajista, ita kuma sai baɗi."

Na ce a sa wata a madadina.

"An rufe shigar da sababbi tun kafin azumi."

Na ce a je kamfanin waya a sabunta layin. Ya ce sai mai layin ya je da kansa an ɗauki hoton fuskarsa. Daga nan akuyar Goggo ta shigo zauren ta fita.

Sai ya ce bari ya nuna mini yadda aka tsara abin, don kar in ga kamar shi ne ya ƙi. Kausar ta kawo mini. Zane ne na akwatuna da kibiyoyi. Kowane akwati aiki ne: rajista, auna gona, amincewar maigida, fitar da iri. Kibiya tana fita daga wannan ta shiga wancan. A da, in ji shi, irin wannan zanen a bango ake liƙa shi, ma'aikata su duba su yi abin da ya dace. Yanzu zanen ne da kansa yake aikin. Yana ɗauko bayanan kowace mace daga inda aka ajiye su, ya duba, ya buɗe mataki na gaba ko ya ƙi. Ba mai tura shi, ba mai roƙonsa.

Na bi zanen da yatsa. Ba wawaye suka yi shi ba, zan ba su wannan. A farkonsa hanya ta rabu biyu: mai miji ta bi dama, wadda ba ta da miji ta bi hagu, ɗanta ko yayanta ya tsaya mata. Sun tuna da zawarawa. Sun tuna da waɗanda aka bari da marayu. Na nemi kibiyar da ke tashi daga dama ta koma hagu. Na nema har na juya kwamfutar.

Na ce, "Bahauddeen, idan mace ta shiga ta dama, sannan abu ya faru a tsakiya fa?"

Ya ce, "Babu wannan kibiyar, Malama."

A garin da aka yi zanen nan, ba abin da ke samun kowa tsakanin kaka da damina.

A gefen akwatin da muka maƙale akwai wani ɗan hoton agogo. Na tambaya. Ya ce idan jira ya yi yawa, tsarin yakan ba wasu kason. Yaushe? Bai sani ba, ba a nuna musu. Zai tambaya.

Laraba, 4 ga Yuni, da safe

Ta yi ƙara. Ina shara na tsaya har ta gama.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Tani ta shigo, maƙwabciyata, ita ce ma'ajin ƙungiya. Ba ta yi maganar iri ba. Ta yi maganar tsadar tumatir, da ciwon ƙafar Lado mijinta, da ragon da ba su saya ba. Da za ta fita ta tsaya ta dubi gabas ta ce, "Hadari ya fara haɗuwa."

Gara ta zage ni.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah

An aiko da nama daga gida shida. Ba wanda ya san yadda ake yanka mini hanta.

Asabar, 7 ga Yuni, da hantsi

Yau ƙarar ta fito a shaƙe, ta katse a tsakiya.

Malam yana yawan alfahari da batirin wayar nan. Duk wanda ya zo da babbar waya yana neman wurin caji sai ya zaro tasa ya ce wannan sai ta ga wata biyu. Ƙarya yake yi, amma ba sosai ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, ƙarfe takwas da wani abu

Shiru.

Lahadi, bayan azahar

Na fasa kwanon sha. Ba da gangan ba. Na ce wa Kausar ba da gangan ba, ta ce ai ba ta tambaya ba.

Talata, 10 ga Yuni, da safe

An yi ruwa, na sosai. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Tun da sassafe nake jin maza suna wucewa ta bayan katanga da sungumi, za su shuka gero. Gyaɗa tana iya ɗan jira, amma ba ta da haƙurin da ake ta cewa in yi.

Na samu Sulle a waya, da ƙyar. Hayaniya a bayansa kamar kasuwar Rogo. Muka gaisa, na yi masa barka da Arfa, na tambayi jiki, na tambayi zafin rana, duk na bi layi kamar mutuniyar kirki. Sannan na faɗa masa.

Ya ce, "Sauda, ki ji tsoron Allah. Ko arba'in ba a yi ba, kina maganar waya?"

Na ce, "Yaya, ba wayar nake so ba. Abincin gida tara ne a cikinta."

"Ina ƙasa mai tsarki, ba zan ba da izinin a taɓa kayan gado ba. Idan na dawo a zauna."

"Yaushe za ka dawo?"

"Ba a fitar da jirginmu ba tukuna."

Na ce to ya roƙa mana Allah ya tsayar da damina sai an fitar da jirginsu, tunda yana kusa. Ya kashe.

Goggo ta ji komai. Ta ce bakina ne zai kai ni. Na ce ina zai kai ni, Goggo, ni da ko zaure ba na wucewa?

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Lado ya hau babur ya je Rogo da ƙafarsa mai ciwo, ya ga sito da idonsa. Ya dawo ya ba Tani labari, Tani ta kawo mini. Buhunanmu suna nan a jere a gefe guda, an rubuta Kurugu a jikinsu. Ya taɓa su. Mai sito, wani Shitu, ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya ce wallahi da nasa ne da ya ɗora masa a babur yanzu. Amma kowane buhu da tambarinsa, sai na'ura ta haska ta yarda yake fita. Idan ya fitar da hannu, kafin ya kai gida an rubuta shi ɓarawo.

Kowa a cikin maganar nan mutumin kirki ne. Shitu mutumin kirki. Bahauddeen mutumin kirki. Sulle yana Makka. Na rasa wanda zan shaƙe.

Asabar, 14 ga Yuni, da hantsi

Bahauddeen ya haɗa ni da babban ofishinsu a waya. Wata yarinya mai murya kamar ta rediyo ta ce sun buɗe mini ƙorafi, ta ba ni lamba mai tsawo in rubuta. Na ce ba lamba nake nema ba, a ba ni wanda ya yi zanen. Na yi ta maimaitawa har ta gaji ta ba ni wani injiniya.

Shi ya saurare ni, ban ƙwace masa wannan ba. Ya ce na yi gaskiya, giɓi ne, kuma ƙara kibiyar ba zai ɗauke shi wuni guda ba.

Na ce, "To bismilla."

Ya ce ba a taɓa tsarin yana cikin tafiya. Ƙungiyoyi dubbai ne a kansa yanzu, kowace tana wani mataki. Idan ya canza zanen yau, bai san inda wasu za su faɗa ba. Sai an rufe kakar bana za su fitar da sabo. Ya ce zai sa maganata a sahun gaba.

Na ce ya shiga inda aka ajiye bayanan ya goge lamba ɗaya ya rubuta wata. Ya ce da gangan aka hana su wannan, saboda a da ma'aikata sukan sa lambobin abokansu su karɓe kayan mata. Don a kare mu aka yi.

Na ce, "Ɗana, an kare mu. Ko ɓera ba zai kai ga irin nan ba, balle mu."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ji kunya, ya yi mini gaisuwa. Na tambaye shi maganar agogon. Ya ce zai duba ya kira ni.

Litinin, 16 ga Yuni, da safe

Ruwa kuma. Bai kira ba.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan azahar

Sadiƙa, ƙaramarmu a ƙungiya, ta sayar da tunkiyarta ta sayi iri a kasuwa. Rabin gonarta zai ishe ta. Ita ke nan mai tunkiya. Sauran sun je sun taya, sun ji kuɗin, sun dawo.

Na kira Bahauddeen bai ɗaga ba.

Goggo ba ta da lafiya, tari take yi, amma ta ƙi barin bakin ƙofar. Na dafa mata kunun kanwa. Tana sha ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mijinki ne kaɗai a cikinsu yake cire takalmi kafin ya gaishe ni." Na shiga ɗaki na ninke kayan da na riga na ninke.

Juma'a, 20 ga Yuni, da yamma

Yau Tani ta yi magana.

Ta zauna a kan turmi ta ce, "Malama, mu fa ba mu yi karatu ba. Ke kika ce kar mu ajiye iri, muka ce to. Ba mu zo da rigima ba, kina cikin abin da kike ciki. Amma ƙofar nan ta katako ce."

Na ce akwai haƙƙin magada.

Ta ce, "Ke da kika tsaya a gaban shugaban makaranta kika kira shi ɓarawon alli? Ke da kika kori mai awo daga kasuwa? Yau Abdulmutalib kike tsoro, wanda kika yi wa tsarki yana yaro?"

Na ce ta fita mini daga gida. Ta ce za ta fita, amma gobe za ta dawo, tunda ba ta da gonar zuwa.

Ba Abdulmutalib ba ne. Ba Sulle ba ne.

Rigar tana nan a ƙusa. Takalmansa na zuwa gona suna bayan ƙofa, ɗaya a kife, na san yadda ya bar su. Muddin ƙofar tana rufe, to ɗakin yana nan yadda yake da safiyar nan.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Tani ta dawo. Ta zauna, ta tsince mini shinkafa, ta tafi.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan la'asar

Na kira Bahauddeen. Tana shiga, ba ya ɗagawa. Yaron da ke miƙewa tsaye idan na kira sunansa.

Talata, 24 ga Yuni, da hantsi

An buɗe.

Na aika aka kira Lado da liman na unguwa su zama shaidu. Liman ya ce shi bai ce a yi ba, bai ce kar a yi ba, amma zai tsaya ya ga abin da aka ɗauka. Na je gaban Goggo na durƙusa. Na shirya magana mai tsawo, da hujjoji, da abin da malamai suka ce game da lalura. Ban kai ga buɗe baki ba ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta.

Ta ce, "Zan zaga. Ni kuma tsohuwa ce, ina daɗewa."

Kwaɗon nan biyu, na Makka da na kasuwa, a jikin ƙarfe ɗaya aka maƙala su, ƙarfen kuma ƙusa uku ne suka riƙe shi a katakon da gara ta ci. Lado ya sa bakin fartanya ya ɗan taɓa, duka suka zubo ƙasa a rufe. Kusan wata guda ina kallon abin nan.

Ni na shiga. Ba zan rubuta ɗakin ba.

Na sa hannu a aljihun, na ɗauko, na fito na nuna wa liman tafin hannuna biyu. Kausar ta kai ta shagon caji.

Talata, bayan azahar

Da aka kunna ta sai ta hau ƙara ba tsayawa, saƙo a kan saƙo, tana rawa a kan tabarma. Matan duk sun taru a tsakar gida, har da Sadiƙa da goyonta. Wata ta yi guɗa, Goggo ta harare ta.

Na buɗe na farko. *Malam Yusha'u, ka amince matarka Sauda ta karɓi irin gyaɗa? Danna 1 idan ka amince, danna 2 idan ba ka amince ba.* Na biyu haka. Na uku haka. Kowace safiya sun gaishe shi da sunansa.

Na danna ɗaya. Amsa ta zo nan take: wannan saƙon ya daina aiki.

Na gangara ƙasa ina neman na ƙarshe. Na Litinin ɗin makon jiya ne, ranar da aka yi ruwa na biyu. *Malam Yusha'u, ba mu ji daga gare ka ba. An mayar da kason ƙungiyar Kurugu ga wata ƙungiya. Mun gode da hulɗa da mu.*

Shi suka faɗa wa. Mu goma muna zaune muna kallon gabas, suka sanar da aljihun riga.

Na karanta musu da ƙarfi, don ba zan iya faɗa da bakina ba. Tani ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce, "To. Wake dai bai wuce ba." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce mini Allah ya ƙara haƙuri. Ni.

Laraba, 25 ga Yuni, da safe

Bahauddeen ya zo da kansa. Ya sani tun ranar. Sunanmu ya ɓace daga kwamfutarsa yana kallo. Ya ce ya hau babur sau biyu zai zo, ya kai mararraba ya juya. Na so in yi masa abin da na saba, na duba cikina ban sami komai ba. Na ce Kausar ta kai masa ruwa.

Abdulmutalib ma ya zo, ya ga ƙofa, ya ɗaga murya, ya ce a rubuta duk abin da ke ɗakin. Goggo ta ce masa ita ta ba da izini, idan yana da magana ya zo ya same ta. Ban san ta iya ƙarya haka ba. Ya tsinci kwaɗonsa ya tafi da shi, har yanzu a rufe.

Asabar, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Na ba Tani 'yan kunnena ta kai Karaye, tunda ba sa su nake yi ba. Abin da aka samu a sayi wake a raba. Ta ƙi, na yi mata tsawa, ta karɓa. Wake ba gyaɗa ba ne. Ba mai, ba ƙuli, ba harawar kirki da za a sayar da rani. Duk mun sani, ba wadda ta faɗa.

Jirgin su Sulle jibi, in ji matarsa. Ya sayo wa kowa dabino.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe takwas

Wayar tana wurina har a zauna rabo, liman ya ce haka. Na ajiye ta a kan taga.

Ta yi ƙara.

*Malam Yusha'u, ana shirin rajistar baɗi. Kana so matarka Sauda ta sake shiga? Danna 1 ko 2.*

Na daɗe riƙe da ita. Duk garin nan an daina kiran sunansa sai da addu'a a bayansa. Su kaɗai suka rage suna yi masa magana kamar zai fito daga ɗaki yana neman hularsa.

Ban danna ɗaya ba, ban danna biyu ba. Na bi maɓallan nan da suka goge, harafi bayan harafi, na rubuta abin da ban rubuta a littafin nan ba, abin da ban faɗa da bakina ba tun ranar. Na rubuta: Ya rasu. Na tura.

Ba a daɗe ba ta yi ƙara.

*Ba mu gane amsarka ba, Malam Yusha'u. Danna 1 ko 2.*